Ƙasar da Ke Numfashi

Bangon ɗakinmu a Gadarif yana da baki.
Da rani yakan buɗe shi,
har in zura hannu in taɓa hasken waje.
Da damina ya yi gum, kamar bai taɓa magana ba.
Baba Yahuza ya kwaɓa laka da ƙaiƙayin dawa,
ya toshe, ya shafe, ya ce, "Bana kam ya ji magani."
Baɗi tsagar ta dawo, riƙe da hannun ƙanwarta.

Ba wanda ya gaya mini baƙar ƙasa
in ta sha ruwa kumbura take,
in ta ji ƙishi ta motse.
Sai a Hartum, shekarata ta uku a jami'a,
wani malami mai yawan tari
ya ɗora curin yumɓu a faranti, ya ɗiga masa ruwa,
kafin la'asar ya tashi kamar ƙullin fanke.
Aji ya kwashe da dariya.
Ni na tuna tafin hannun Baba, na kasa.

Aikina na fari: kwalbati goma sha ɗaya a hanyar Kasala.
Hular kwano ta yi mini yawa, na cusa ɗankwali a ciki.
Usta Babikir, magini, bai iya karanta zane ba,
amma ya murza yashi a yatsa ya ce, "Wannan da gishiri."
Na kai ɗakin gwaji don in ƙaryata shi.
Da gishiri.

Shekara shida a bakin teku ina gina rumbunan wasu,
ina kallon iska tana cin ƙarfe ba haƙori.
Ran nan ɗan kwangila ya turo takarda:
rodi goma sha biyu a rubuce, takwas a cikin ginshiƙi.
Ya ajiye biro kusa da shayina.
Shayin na shanye.
Biron na bar masa, da makullin ofis.

Na koma gida da akwati ɗaya da ma'aunin ruwa.
Inna ta sayar da ridi buhu tara,
na sayi tsohon injin kwaɓa siminti
wanda sai an roƙe shi yake tashi.
Ni, da Usta da ya biyo ni da gwiwa mai ciwo,
da yara uku daga unguwarmu,
shi ke nan kamfanin.
Mai rubutun allo ya manta harafi ɗaya a sunana,
ban da kuɗin gyara, har yau Naja'tu nake a bakin titi.

Malama Sittana ce ta fara ba mu amana,
kuɗin sallamarta na shekara talatin da alli.
Muka haƙa, muka wuce baƙar ƙasa, muka ci gaba da haƙa.
Kullum da yamma tana tsaye a bakin rami:
"Ɗaki na ce ki yi mini, 'yar nan, ba rijiya ba!
Kin binne mini rabin kuɗi inda ido ba ya gani."
Na ce, "Malama, can ne gidan yake.
Na sama inuwarsa ce."
Ba ta yi dariya ba. Wata biyu ba ta amsa gaisuwata.

Damina uku ta wuce.
Yanzu ita ke jawo mutane da hannu,
ta ce su shafa bangon, su nemo mata tsaga ko ta allura.

Gida arba'in da bakwai ke nan.
Na Baba ne na tara; bai kwana ciki ba, rai ya yi halinsa.
Da muka rushe tsohon ɗakin
na ɗebi ɓangare guda na ajiye kan teburina,
inda yatsunsa huɗu suka bushe a cikin laka.
In sabon injiniya ya zo neman aiki
nakan miƙa masa, in ce, "Karanta mini wannan."